Mama Ta Riga Ta Ba Da Shaida

A cocinmu zumuntar mata tana da kwando. Duk gidan da wahala ta shiga, ranar Laraba bayan addu'a sai a ɗora wa matar gidan shi a ka: shinkafa, wake, ɗan mai a kwalba, wani lokaci har da sabulu. Ba mai tambayarki yaushe za ki daina karɓa. Ke za ki faɗa da bakinki. Ranar da kika miƙe a gaban jama'a kika ba da shaida cewa Ubangiji ya amsa addu'arki, ranar kwandon zai bar gidanki ya nufi na gaba.

Tun da kamfanin da Baba yake yi wa tuƙi ya sallame shi, gidanmu kwandon yake zuwa. Mama ta tsani ɗaukarsa. Ta bayan layi take bi da shi, ta lulluɓe shi da zane kamar kayan sata, don kada maƙwabciyarmu ta gani. Famfo ɗaya muke ɗiba da matar, coci ɗaya muke zuwa, kuma Rediyo ake ce mata.

Wata Asabar manajan kamfanin ya kira Baba a waya, ya ce ya zo ranar Litinin da lasisinsa. Mama ta zube gwiwa biyu a tsakar ɗaki tana kuka tana godiya. Da ta tashi ta ce gobe za ta ba da shaida.

"Maman yara," in ji Baba, "ki bari makullin mota ya shiga hannuna tukuna. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari."

"Kai matsalarka ke nan, ƙarancin bangaskiya. Sai ka taɓa kafin ka gode?"

Baba ya ƙyale ta. Shi ma ya gaji da ganin kwandon.

Ranar Lahadi Mama ta ɗaura zanenta mai kyau, ta fita gaba da waƙa. Ta ce maigidanta ya koma aiki. Ta ce, "Na sauke kwando, a kai wa wata!" Mata suka yi ta guɗa, uwar zumunta ta rungume ta. Ban taɓa ganin Mama ta miƙe tsaye sosai kamar ranar ba.

Litinin da azahar Baba ya dawo. Bai yi sallama ba. Ya zauna a bakin gado da takalmansa, ya ce an ba ƙanen matar manaja motar tun da safe.

Mama ta tashi ta rufe taga.

"Kada wanda ya ji," ta ce. "Ubangiji ba zai bar ni in zama maƙaryaciya ba. Zai buɗe wata ƙofar kafin kowa ya sani."

Daga ranar, kullum da safe sai ta zuba gawayi a dutsen guga ta goge wa Baba farar rigarsa ta aiki. Ya saka, ya fita, ya gaisa da mutane a bakin famfo. In bai tafi neman aiki ba, can nesa yake zuwa, wurin wani mai faci, ya zauna a benci har yamma. Gawayin da ya kamata ya shiga ƙarƙashin tukunya shi yake shiga dutsen guga. Ba mu yi gardama a kai ba, don tukunyar ma ba abin da za a zuba mata. Wani lokaci Mama takan soya albasa ɗaya, ta buɗe ƙofa, don ƙamshin ya je ɗakin Rediyo.

"Matar direba, ana ta ci ba a kiranmu!" in ji Rediyo ta taga.

"Ai hancinki ya riga ya ci rabonki," in ji Mama tana dariya. Ta juyo ciki, dariyar ta faɗi daga fuskarta.

Kwandon ya koma gidan matar kafinta, wadda mijinta ya faɗo daga rufin gini ya karya ƙugu. Ta zo har ɗakinmu ta durƙusa. Ta ce, "Yaya, shaidarki ce ta riƙe ni. Na ce wanda ya yi wa Yaya, ni ma zai yi mini." Mama ta dafa kanta ta sa mata albarka. Auta, ƙanwata, tana kwance a bayan labule da ruwan zafi kawai a cikinta.

Muna addu'a kullum. Mama ce take ja, da ƙarfi, kamar mai buga ƙofar wanda ta san yana ciki. Ni kuwa rufe ido kawai nake yi. Me zan roƙa? Abin da aka riga aka gode a kansa?

Ranar Lahadi ta gaba, ana tsaye ana waƙa, Auta ta sulale ta faɗi tsakanin bencina. Aka yayyafa mata ruwa. Mama ta ce zafi ne. Rediyo ta kalli wuyan hannun Auta, ta kalli Mama, ba ta ce komai ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Bayan an tashi na bi uwar zumunta zuwa ɗakin ajiya, inda take gyara kujeru. Na shirya maganata tun daga ƙofa, zan faɗa mata halin da muke ciki. Ta riga ni.

"'Yata, gara da kika zo. Ki gaya wa mamanki, Laraba ita za ta yi mana magana. Mata da yawa sun karaya. Ta sake ba su shaidar nan su ji."

Na ce to. Na fito.

Da na faɗa wa Mama, ta daɗe tana kallon Auta, wadda take lasar cokalin da aka soya albasa da shi.

Laraba ta ɗaura zanen nan mai kyau. Ta tsaya a gaban mata, aka fara tafi tun kafin ta buɗe baki. Ta jira tafin ya mutu.

"Maigidana bai koma aiki ba," ta ce. "An yi masa alkawari, na ruga na gode. Ba a ba shi ba. 'Yata ba zafi ne ya kayar da ita ba."

Fanka kawai ake ji. Wata daga baya ta ce, "To farar rigar fa?" Wata ta yi tsaki, ban san ko da wa take ba.

Uwar zumunta ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ta ce a yi addu'a. Ta roƙa mana abinci da aiki, ta kuma roƙi Ubangiji ya gafarta wa harshe mai gaggawa. Mata suka ce amin, wannan amin ɗin ta fi sauran ƙarfi. Sannan ta ce daga yau duk mai shaida ta fara zuwa wurinta a bincika, don kada a sake wasa da sunan Ubangiji.

Kwando ɗaya ne, gida biyu. Aka kawo roba, aka raba shinkafar da waken a kan tebur a gaban kowa. Man ba shi da wata kwalbar, sai aka tsaya ana shawara. Matar kafinta ta tura wa Mama kwalbar ba tare da ta dube ta ba.

"Ɗauki, Yaya," ta ce. "Ni dama abin da nake riƙe da shi kin riga kin karɓe."

Mama ba ta bi ta bayan layi ba. Ta ɗora robar a ka, ba lulluɓi, ta wuce ta gaban famfo. Rediyo ta riga mu isowa, labari ma ya riga mu. Baba yana zaune a ƙofa da singileti, farar rigar tana rataye a ƙusa.

Da yamma gawayi ya shiga ƙarƙashin tukunya. Auta ta ci har ta yi gumi. Kafin mu sa hannu dai, mun sunkuyar da kai muna jiran Mama ta yi godiya kamar kullum. Muka yi ta jira.

"Ke yi mana," ta ce da ni. "Ni nawa bakin sai an bincika."

Na ce, "Ubangiji, ga mu." Baba ya ce amin. Mama ta ture nata kwanon gaban Auta, ta tashi ta fita da dutsen guga, ta zubar da tokar a bayan ɗaki.