Motar da Ta Kai Ƙarar Des

Narelle ce ta saya wa mahaifinta, tsoho Des Hoskin, sabuwar motar nan mai surutun tsiya. Ka taka layin titi ta yi ƙara, ka ƙara gudu ta yi ƙara. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne ta haɗa motar da wayarta. Tana zaune a birnin Brisbane tana kallon duk inda ya je da irin gudun da ya yi.

Kullum sai saƙo ya shigo mata cewa direba ya sauka daga titi. Hankalinta ya tashi. Maimakon ta kira uban ta tambaye shi, sai ta tura wa likitansa komai a ɓoye. Likita ya ce tsufa ne, hukuma ta karɓe lasisi. Mu nan karkara kuwa, wanda ba shi da lasisi ba shi da zaman gona, don ko burodi sai ka yi tafiyar awa guda.

Sai ga ta ta zo ɗaukarsa, za ta kai shi gidan tsofaffi a gari. Ita ke tuƙa sabuwar motar, shi yana gefe da hularsa a cinya. Kwaltar tamu siririya ce, faɗin mota ɗaya. Can suka hango ƙurar tirelar shanu mai jan akwatuna uku.

"Bar wa tirelar kwalta, 'yar nan," in ji Des.

Kafin ya rufe baki ta zare tayoyinta zuwa kan ƙasa ta rage gudu, yadda kowa ke yi a nan, yadda shi ya koya mata tun ƙafarta ba ta isa birki sosai ba. Tirela ta wuce, direban ya ɗaga yatsa ya gaishe su.

Motar ta kama ƙararta. Wayar da ke aljihun Narelle ta girgiza. Ba ta ciro ta ba, ta san abin da aka rubuta: direba ya sauka daga titi. Zaman birni ya mantar da ita abin da ƙafarta ba ta manta ba, kunya ta rufe ta.

"Kin ji ta ko?" Des ya ɗan daki gaban motar. "Munafuka. Ita ta kai ƙarata wurin likita. Ashe abin da ake sayarwa yanzu ke nan, mota mai gulma."

"Baba, akwai maganar da..."

"Kar ki damu, ba laifinki ba ne, alheri kika yi niyya." Ya juya yana kallon shingen gonarsa na ƙarshe yana wucewa. "Kowa ya ce na tsufa, har likita. Ke kaɗai ce ba ki taɓa shakkata ba."

Narelle ta mayar da motar kan kwalta. Har suka isa gari ba ta ƙarasa maganar ba.