Kafin Ruwa Ya Tafasa

"Kashe shi, Tela," in ji Malam daga kan gado.

"Wallahi ba zan kashe ba. Bari in ji iyakar rashin kunya."

Na ƙara murɗa rediyon. Muryar mutumin nan mai kiran kansa Alƙalin Kiɗa ta cika ɗakin, sumul kamar an shafa mata mai. "Masu sauraro, ni na daɗe ina faɗa, akwai gwani a cikinmu da ba mu san darajarsa ba. Ga shi yau mujallun ƙasashen waje sun gano faifan nan mai suna Kafin Ruwa Ya Tafasa, suna ta yabo. Ni ban yi mamaki ba ko kaɗan."

"Ka daɗe kana faɗa? A gidan uban wa?" na ce da rediyon. "Kai, Allah wadan naka ya lalace!"

Malam ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Na ɗago kansa, na gyara masa robar iskar da ke hancinsa. Ya rame har zobensa ya koma babban yatsa.

Ni tela ce. Ƙofata na kusa da ta Malam a hawa na biyu na bene, kuma bango ɗaya ne tsakanin kekena da gadonsa. Shekarunsa na ƙarfi duk a ɗakin ɗaukar sauti ya ƙarar da su, yana gyara wa mawaƙa muryoyinsu, su yi suna shi ya dawo gida a ƙafa. Matarsa kuwa, wadda nake ce wa Yaya, ita ta karɓe ni ranar da na tare a gidan nan da yara biyu da keke ɗaya, ba miji. Ita ta fara kawo mini ɗinki, ita ta riƙe mini yara lokacin da aka yi mini aiki a asibiti.

Yaya tana da wata ɗabi'a. In ta ɗora ruwan shayi da safe, ba ta iya jira shiru, sai ta yi ta gunagunin waƙa da hanci, baki a rufe, ba kalma ko ɗaya. Ta bango nake jin ta, in san gari ya waye. Wata rana Malam yana gwada sabon makirfo, ya ɗauke ta ba ta sani ba. Ɗan guntu ne, bai kai a saka zare a allura a ƙulla ba. Da ta rasu, abin da ya rage masa na muryarta ke nan.

Sai ya zauna gaban kwamfutarsa ya ja ɗan guntun nan, ya ja, ya ja, yadda nake jan robar ƙugun siket, har ya kai tsawon awa guda. Ba ganga, ba waƙa, ba wurin tafi. Sauti ɗaya ne dogo, yana tafiya a hankali, ya yi kauri ya yi siriri, ba ka sanin lokacin da ya sauya sai ka ga ya sauya. Ya ce akwai masu yin irin wannan kiɗan a duniya, kuma akwai masu saurarensa. Ni dai ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ranar da ya fara sa mini, na ajiye almakashi na yi kuka har rigata ta jiƙe.

Ya sa masa suna Kafin Ruwa Ya Tafasa, ya buga faifai kaɗan, ya sa a intanet, ya kai wa Alƙalin Kiɗa guda da hannunsa. Har sabuwar riga na ɗinka masa don zuwan.

Mako na zagayowa muka zauna gaban rediyo, mu biyu, a ɗakin nan. Har yau zan iya kawo muku maganar ba gyara. "An kawo mini wani abu wai faifai. Ban yi nisa ba na cire, don ina tausayin kunnena. Jama'a, wannan ba kiɗa ba ne, kukan tsohon firji ne da ya ƙi mutuwa. Mai shi ba mai sauraro yake nema ba, makanike yake nema." Aka kwashe da dariya a ɗakin shirin.

Kafin yamma maganar ta sauko titinmu. Mai kantin ƙasa, wanda ko sunan faifan bai iya faɗa ba, ya laƙaba masa Baba Firji. In ya wuce, masu zaman benci su haɗa baki, "Zuuuuu!" Mutum mai furfura, da jakar cefanensa a hannu. Na ce zan sauka in gaya musu muryar wace ce suke wa iya shege. Ya tare ƙofa.

"Kul, Tela. Yanzu da ni suke yi. In kin faɗa, da ita za su yi."

Na yi masa alkawari, na haɗiye. Amma abin da aka haɗiye da zafi ba ya narkewa. Shekaru suka yi ta wucewa, Malam ya daina saukowa sai dole, ni kuwa ko muryar Alƙali na ji a motar haya sai in ce a sauke ni.

Ashe shi ma Malam bai kwanta ba. Da ciwon huhun ya fara kama shi, wata rana ya buga mini bango, alamar in zo. Na same shi gaban kwamfuta yana murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya sa mini wani sabon sauti, mai nauyi, mai duhu, yana shiga ƙirji kamar an rufe ka a cikin tanki. Gaskiya ya yi kyau, har tsigar jikina ta tashi.

"Kin san wane ne wannan?"

"Wane ne kuma? Ba inji ba ne?"

Ya nuna mini wani ɗan maɓalli a ƙasan allon. "Ja shi dama, har ƙarshe."

Na ja. Dogon sautin ya tattare, ya dunƙule, sai ga murya tar: "kukan tsohon firji ne da ya ƙi mutuwa." Ashe ya ɗauki shirin ranar, ya ajiye. Zagin ne ya miƙe ya mayar da shi kiɗa.

"Zan aika masa," ya ce. "Yanzu da na waje suka fara yabona, zai yaba. In ya gama yabo, sai mu ja maɓalli."

Na yi guɗa a ɗakin mara lafiya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Malam, ashe kai ma mugu ne!" Ya ce zama da tela ne.

To, shi ne ranar nan da Alƙali ya gama zubarsa a rediyo, na ce, "Ka ji ko? Ya nuna. Yaushe za mu tsinke shi?"

Malam ya juyo da kansa wajena. "Tela, wancan aikin, ki goge shi."

"Na'am?"

"Ki goge. Na yafe masa. Ba na son in tafi da kaya a ka."

"Kai ka yafe."

"Ki ce mini kin goge."

"Sha ruwa, Malam, leɓenka ya bushe."

Ya sha, yana kallona ta saman kofin. Ya san ni sarai. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban ce na yi ba, ban ce ba zan yi ba.

Ƴarsa tilo, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ta iso washegari. A hannunta ya cika, da hantsi, ina tsaye ina ninke masa bargo. Ba wani abin tashin hankali. Ya ja numfashi, muka jira na gaba, bai zo ba. Injin iskar ya ci gaba da hurawa shi kaɗai har sai da ta miƙa hannu ta kashe. Takalmansa na nan a bakin gado, ɗaya ya hau kan ɗaya.

Mutanen benci suka hawo bene yin gaisuwa, har da mai kanti, yana sunkuyar da kai kamar ba shi ba. Wannan ban kula shi ba, ƙaramin alhaki ne. Babban nake jira, wato Alƙali, kuma ya zo. Da baƙin tabarau, da turaren da ya riga shi hawa bene, da wani yana bin sa yana ɗaukar hoto.

"Marigayi aminina ne," ya ce wa ƴar. "Na yi rashi. Ko ya bar wani aiki da bai fitar ba? Zan so duniya ta fara jin sa a shirina."

Yarinyar ta buɗe baki za ta ce ba ta sani ba. Na riga ta.

"Akwai, ranka ya daɗe. Na ƙarshe. Kai ya yi wa shi ma."

"Ni?" Ya dafa ƙirji. "Allahu akbar."

"Sai dai daga kwamfutarsa kaɗai yake tashi, kuma ni ya koya wa. Ni zan kawo."

Ranar shirin na sa rigata mafi kyau, na rungumi kwamfutar kamar jaririya. Ɗakin shirin ƙarami ne, bangonsa duk soso, sanyi kamar me. Wata mata mai kula da na'ura ta jona mini waya, ta sa mini abin ji a kunne. Jar fitila ta kama. Alƙali ya gabatar da ni a matsayin "baiwar Allah maƙwabciyar gwani", ya ce kai tsaye ake jin mu. Na ce madalla.

Na danna. Sautin ya taso a hankali, ya cika kunnuwanmu. Alƙali ya lumshe ido, yana kaɗa kai, yana shafa gemu. Can ya matso da bakinsa.

"Ku ji zurfi, jama'a. Ku ji gaskiya tsirara. Wannan ba sautin na'ura ba ne, wannan rai ne yake magana. Na shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa jin murya mai tsarki irin wannan ba. Duk wanda ya ji wannan bai girgiza ba, to a duba kunnensa."

"Ranka ya daɗe," na ce, "ka tabbata? Kada ka yi saurin yanke hukunci."

"Hajiya, kunnena bai taɓa yaudarata ba."

"To bari in nuna maka mai muryar."

Na ja maɓallin dama, har ƙarshe.

"Jama'a, wannan ba kiɗa ba ne, kukan tsohon firji ne da ya ƙi mutuwa. Mai shi ba mai sauraro yake nema ba, makanike yake nema." Har da dariyar bayan, ras, kamar jiya aka yi ta.

Idonsa ya buɗe. Bakinsa ma ya buɗe. Mai kula da na'ura ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, kuma na lura ba ta yi gaggawar katse mu ba. Na matsa kusa da makirfo na ce, "Tsarkin ke nan, masu sauraro. Shi ya yi zagin, shi ya yi yabon. Sai ku zaɓi wanda za ku yarda da shi." Sannan matar ta sa talla.

Ya cire abin kunnensa, gumi na bin wuyansa duk da sanyin nan. "Baiwar Allah, me na yi miki? Magana ce ta aiki, ta shekaru. Faifai ne kawai!"

Faifai ne kawai. Maganar ta zo mini har bakin haƙori: firjin da ka ce, matarsa ce, Yayata ce, tana jiran ruwan shayi. Da na faɗa da na gama da shi gaba ɗaya. Amma wannan alkawarin da bakina na ɗauka. Na naɗe wayar a hankali, na ce, "Ka tambayi makanike."

Ban yi nadama ba, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi. Da na shigo titinmu, masu benci suka yi tsit, mai kanti ya shige ciki yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Na hau bene da ƙarfina.

Na tarar da ƴar Malam tana ɗaure kwalaye. An kwashe gado, ɗakin ya yi faɗi. Rediyon na ƙasa a kashe, ta ɗora ruwa a kan risho.

"Na ji, Anti," ta ce, ba ta dube ni ba. "Baba ya gaya mini ya ce ki goge."

"Ya ce."

"Shi ne ba ki goge ba."

"Shi ya yafe nasa. Nawa daban ne."

Ta ja igiyar ta ƙulla. "Ni ban ga abin faɗa ba. Gaskiya ko ni ban taɓa iya sauraron faifan nan har ƙarshe ba. A wurin aiki ma ɓoyewa nake yi, kada a ce babana ne. Gunji ne kawai, Anti."

Na tsaya ina kallonta. Ashe ko ita bai gaya wa ba. Ya ce kada in faɗa musu, amma ita ai ba su ba ce.

"Zauna, ƴar nan."

Na buɗe kwamfutar a kan kwali, na nemo faifan farko, na sa. Na bar shi ya ɗan yi tafiya, sannan na kama yatsanta na ɗora a kan maɓallin. "Ja dama."

Ta ja. Sai ga Yaya, da hancinta, baki a rufe, tana hawa tana sauka, ga ƙarar cokali a jikin kofi, ga ɗan tarinta na safe. Kafin ka ce me, ya ƙare.

Yarinyar ta zame daga kan kwalin ta zauna a ƙasa.

"Sake sawa," ta ce.

Na sake. A bayanmu murfin butar ya fara rawa, tururi na fita, ba wadda ta tashi ta sauke.