Yatsana a Kan Sunan Yaya

…kuma wai minti biyar ne, Mama, in ji 'yarki. Minti biyar! Tun hantsi nake kan kujerar robar nan, lamba sittin da uku ta jiƙe da gumi a hannuna. Ni da na tsaya gaban matan ɗakin wanki na asibiti na ce ba mai ɗaukar zanen yatsana sai dai a kan gawata. Har tafi suka yi mini, Yaya. Na ce yau yatsa, gobe ƙwayar ido, jibi su bi mu har makewayi. Ƙarya na yi? Ban yi ba. Sai dai ba shi ne ke cina ba—

Ga 'yarki nan tana yi mini fifita da fom. An ɗauke ta aikin jinya, ba za ta fara ba sai da katin shaida, katin kuma sai da lambar uwa. Uwa… Sunanki ne a takardar haihuwarta.

Sittin da ɗaya.

Kwananta tara a duniya kika rasu. Uban ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Takardar ɗaukarki aiki a wani gari tana cikin akwati, ba hoto, hatimi kawai. Me zan ba jaririya, hawaye? Na goya ta, na ɗauki takarda, aka kira sunanki na ce na'am. Ke kika yi makaranta, ni ko baƙi ban sani ba. A jikin zannuwan gado na koya, harafi harafi, don kar a gano ni. Shekara talatin tana ce mini Mama.

Sa hannu tawada ce, tana koɗewa. Wannan injin kuwa ba ya mantuwa. In na ɗora yatsa a kan sunanki, shi ke nan: ke ba ki mutu ba, ni ba a taɓa haihuwata ba. Da wane suna za a yi mini addu'a? In kuwa na faɗi nawa — yarinyar nan ta juyo ta dube ni… a nan? Gaban wannan ma'aikacin mai taunar cingam?

Kullum sai in ce gobe. In na yaye ta, in ta gama makaranta, in ta yi hankali. Ni da likitoci ke kauce wa bakina!

Sittin da uku. Na tashi.

Injin ɗan gilashi ne kore, duk maiƙon yatsun mutane. "Suna, Mama?" in ji ma'aikacin. Na buɗe baki. Nawa ya taso—

'Yarki ta riga ni. Ta faɗi naki cikakke, har tana gyara masa harafi, tana murmushi.

Yana bugawa. Ban hana shi ba. Daɗi na ji, Yaya, wallahi daɗi na ji, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Babban yatsa, Mama."

Hannuna yana sama. Yaushe ya yi nauyi haka…