Ranar da Rafin Ya Ɗauke

Lahadi uku Thao A Lenh ya kashe yana neman wurin da zai kai iyalinsa kamun kifi. Wanki da guga yake yi a wani otal a garin Sa Pa, hutunsa kwana ɗaya ne a mako, amma tun da 'yarsa Sua ta ga hoton wata yarinya riƙe da kifin sanyi, irin na ruwan duwatsu, a wayar kawunta, ta hana shi sakat. Kifin kuwa ya samu a bana. Ruwan da aka tafka a watan takwas ya fasa tankunan masu kiwonsa a can saman dutse, dubbai suka zubo cikin rafuka, da jan zanensu a gefe da ɗigo-ɗigo a baya, duk wanda ya jefa ƙugiya ba ya komawa gida hannu rabbana.

Wurin ne matsala. Rafin farko da ya duba gangare ne, duwatsun sai santsi, babba ma sai ya yi da gaske. Na biyu baƙi 'yan yawon buɗe ido sun cika shi da kiɗa da gwangwanaye. A na uku matsattsaku huɗu ya ciro daga ƙafarsa kafin ya kai bakin ruwa. Yana hanyar komawa ne wani tsoho mai kiwon ɓaunar noma ya kwatanta masa wani gurbi a bayan gonakin shinkafa na ƙarshe, inda rafin ya baje a kan tsakuwa. Lenh ya je ya shiga da kansa, ya auna. Ruwan bai wuce gwiwa ba, ga inuwar gora, ga wani faffaɗan dutse da mutum biyar za su baje a kai. Har hanyar ya bi sau biyu yana lissafin ko gwiwoyin surukarsa za su ɗauka.

Kwana uku aka yi ana ruwa a makon, amma Lahadi ta waye tas. Suka fito a kan babura biyu: Lenh da matarsa Dua da Sua a ɗaya, a ɗayan kuma Vang, ƙanen Dua, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya goyo mahaifiyarsu Inna Cho. Suka ajiye baburan a gindin wata bishiya kusa da ruwa.

"To, mijin Yaya," in ji Vang yana duba wurin, "mako uku kana yawo, wannan kwatamin ka samo mana? Agwagwa ma sai ta durƙusa kafin ta jiƙa ciki."

"Don irinka na zaɓa. Na san ba ka iya iyo ba."

"Ni? Tambayi Yaya."

"Kada ku sa ni a ciki," in ji Dua, tana sauke kwandon goyo. Ta fito da shinkafar da ta dafa a cikin gora, da gishiri da barkono da ta daka tare.

Lenh ya soka wa Sua tana a ƙugiya, ya riƙe mata sandar fatsar ta baya. Ba a jima ba zaren ya miƙe. Yarinyar ta saki sandar ta ruga bayan kakarta, uban ne ya jawo kifin, mai tsawon kamu ɗaya da rabi, yana sheƙi a rana.

"Ke ce mai kuka a kai ki kamun kifi?" in ji Inna Cho. "Ashe kifin ne zai kama ki."

"Ke ma ai tsoro kike ji, Kaka. Ga shi ko ƙafa kin ƙi sawa a ruwa."

"Ƙafata ta girmi ubanki. Ta gama shiga ruwa."

Wajen hantsi suka ji wata ƙara daga can sama, mai nauyi, kamar an yar da buhun masara a ɗaki na kusa. Dutsen da suke zaune a kai ya ɗan girgiza. Dua ta ɗaga kai ta dubi sama, babu ko gajimare.

"Masu gyaran hanya ne," in ji Vang. "Ko Lahadi ba sa hutawa."

Lenh yana tsaye a cikin ruwa lokacin da ya ji sanyin ya sauka daga gwiwarsa zuwa ƙwauri. Ya zaci tsakuwa mai tudu ya taka. Ya duba ƙasa, ya ga jiƙaƙƙen wandonsa a waje, ruwan kuma yana ci gaba da sauka, ya bar ƙwauri, ya kai idon sawu. Duwatsun da ba su taɓa ganin rana ba suka fito baƙi ƙirin, da gansakuka a jikinsu. Sai kuma kunnensa ya gaya masa abin da idonsa bai gama yarda da shi ba: rafin ya yi shiru. Tun safe suke ɗaga murya saboda ƙararsa, yanzu har numfashin Sua yana ji.

Ko'ina kifi ne. A tsakanin duwatsu, a 'yan ramukan da ruwa ya rage, suna ta fal-fal, wasu sun kai tsawon hannu. Lenh ya tsaya da sanda a hannu, baki buɗe. Shekararsa talatin da shida a cikin duwatsun nan, bai taɓa ganin rafi ya ƙafe yana kallo ba.

Vang ne ya fara motsi. Ya zazzage kwandon Dua a kan dutse, ya dira cikin rafin yana dariya.

"Mijin Yaya, na janye maganata. Kai ne sarkin masu neman wuri. Yaya, miƙo zanen nan, kwando ba zai isa ba."

Sua ta bi shi a guje, tana tsugunawa tana kama kifi da hannu biyu yana suɓucewa. Dua ma ta naɗe bakin siket ta shiga. Lenh ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki na biyu.

"Ku fito," in ji Inna Cho.

Ba wanda ya juya. Tsohuwar ta sauko daga kan dutsen, ta shiga cikin tsakuwar da takalmanta, ta damƙi hannun Sua ta fizge ta har kifin ya faɗi. Yarinyar ta fashe da kuka. Kakarta ba ta taɓa ko ɗaga mata murya ba.

"Inna, lafiya?" in ji Dua.

"Ƙasa ce ta zafto ta tare ruwan a sama. Yana can yana taruwa. Baban Sua, ɗauki 'yarka ka hau tudu. Kada ku bi hanyar babura, ku miƙe sama."

Lenh ya dubi fuskarta. Leɓɓanta sun yi fari, haƙoranta suna haɗuwa. Ya yar da kifin, ya saɓa Sua a kafaɗa, ya tura Dua gaba. Inna Cho, wadda ya yi ta lissafin gwiwoyinta, ta riga su kama gangaren, tana jan jiki da saiwoyi da ciyawa.

"Vang, taho," in ji Lenh.

"Ina zuwa. Inna da tsoro. Bari in cika kwandon."

"Vang, ka bar kifin nan," in ji uwar daga sama. "Ni na haife ka, na ce ka bari."

"Saura kaɗan, Inna."

Sun kai kunyar gona ta farko sai iska ta taso daga cikin kwarin, mai sanyi, da warin danyar ƙasa da karyayyen itace. Gorar bakin rafi ta kwanta gaba ɗaya. Lenh ya ajiye Sua ya juya zai koma, Dua ta riƙe rigarsa. Daga nan suka ga abin ya karyo kwana. Bai yi kama da ruwa ba. Laka ce ja, ta fi tsayin ɗaki, da itatuwa a tsaye a cikinta, da duwatsu suna gware da juna har ana jin su a ƙirji.

Vang ya ɗago ya gani. Ya yar da kwandon ya ruga, amma ƙetaren ya fi masa kusa, can ya nufa. Suna kallo ya kama gindin gora, ya ɗaga ƙafa ɗaya, lakar ta iso. Faffaɗan dutsen da suka ci abinci a kai ya mirgina sau ɗaya ya ɓace. Bishiyar da baburan suke gindinta ta kwanta ta bi. Inda Vang yake, babu komai sai laka tana gudu.

Dua ta zauna a cikin shinkafar mutane. Sua ta daina kuka. Abin da ke yawo a zuciyar Lenh kawai shi ne, shi ya auna ruwan nan da gwiwarsa, shi ya ce su zo.

Bai san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. A hankali ƙarar ta ragu, lakar ta koma ruwa mai kauri. Inna Cho ce ta nuna da hannu. Can ƙasa, a ƙetare, wani kurmin gora ya kwanta amma bai tumɓuke ba, a cikinsa kuma akwai wani abu da ke motsi.

Mutanen ƙauyen sama sun ji ƙarar, suka gangaro da igiyoyi da adduna, tsohon nan mai ɓauna yana cikinsu. Sai da rana ta karkata ruwan ya ba su hanya. Lenh ya ɗaura igiya a ƙugu ya ƙetara tare da mutum biyu. Suka sami Vang a maƙale tsakanin gorori, laka har cikin kunnuwansa, ƙafarsa ta hagu ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Hannayensa sun ƙi sakin gorar, sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Mijin Yaya," ya ce da ƙyar, "Inna fa?"

"Tana sama. Duk suna sama."

"Kada ka bari ta ga ƙafar."

Aka sare gora biyu aka ɗaura bargo, mutum huɗu suka ƙetaro da shi, suka nufi bakin titi inda mota za ta iya zuwa. Dua ta goya Sua. Da aka zo tafiya Inna Cho ta yunƙura, gwiwoyin suka ƙi. Sun kumbura, tafukan hannunta duk sun yage. Lenh ya tsuguna a gabanta ya ba ta baya.

"Haba, Baban Sua. A gaban mutane?"

"Hau, Inna. Babu mai kallonmu."

Ta hau. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin har ya ba shi tsoro. Suka bi kunyoyin gonaki a bayan masu ɗauke da Vang, Dua tana gefensu.

"Inna, ni na kawo ku," in ji Lenh.

"Kai ka zafto da dutsen?"

Dua ce ta tambaya, ba tare da ta dubi uwar ba. "Ta yaya kika sani?"

Tsohuwar ta gyara riƙonta a kafaɗar Lenh, ta ce:

"Ina shekara tara. Ni da yayata muka je wanki. Ruwan ya ɗauke kamar na yau, muka ga kifi. Ta ce in ruga gida in kawo kwando. Ina kan hanyar dawowa da kwandon na ji ƙarar."

Dua ta tsaya cak. "Wace yayar taki? Ke kaɗai ce mace a gidanku."

"Bayan nan ne na zama ni kaɗai. Sunanta Ganh. Ba a same ta ba, babanmu kuma ya hana a ambace ta a gida. Ko ubanku ban taɓa gaya wa ba."

Dua ta dubi uwarta kamar yau ta fara ganinta. Ta sa hannu ta gyara mata ɗankwalin da ya zame, suka ci gaba da tafiya.

Wata biyu Vang ya yi a asibitin lardi, aka sa masa ƙarfe a ƙafar. Ya fito yana ɗingishi, hayar babur da yake yi a da ta gagare shi, ya koma taya matarsa sayar da kayan saƙa a kasuwa. Ba a ga baburan ba, sai taya ɗaya da wani ya tsinta a gonarsa, tafiyar awa guda daga wurin. Kwana uku da faruwar abin, Sua ta je ta zauna kusa da kakarta a bakin murhu, ta tambaye ta ko Ganh ta iya kitso. Inna Cho ta ce ta iya, har ta fi kowa a ƙauyensu, ta jawo kan yarinyar ta fara nuna mata irin wanda take yi.