Kakar Masara

Babana Dalyop bai yarda akwai wani manomi a duniya bayan shi ba. Tun da na ɗauko shi daga Jos zuwa New York yake zaune jugum, sai da na samo masa ɗan fili a lambun unguwarmu ta Concourse Village ya farfaɗo. Dokar lambun kuwa ba ta da wasa: wanda ya taɓa shukar wani, an karɓe filinsa.

Maƙwabcinsa a lambun Eusebio ne, wani dattijo ɗan Meziko. Ba sa jin yaren juna, sai ɗaga hannu.

Wata Asabar Baba ya kira ni a waya, har da ƙasaita. "Filomina, zo ki ga gayya. Mutumin nan ya bar ciyawa za ta cinye masa masara, na nome masa ita tas."

Na garzaya lambun. Na tarar da Eusebio tsaye a kan tarin ciyawar, hannu a ka. Ya fara bayani da Turanci, ina mayar wa Baba da Hausa.

Ashe ba ciyawa ba ce. Sunanta teosinte, kuma ita ce kakar masara. Daga jikinta kakanninsu suka yi ta zaɓen iri har masara ta samu. Masarar ce ta ciyar da mutanen Olmek masu sassaƙa ƙattin kawunan dutse, da Maya masu cewa da ƙullun masara aka halicci mutum, da Aztek da suka gina birni a tsakiyar tafki. Sifaniyawa suka zo suka danne ƙasar shekara ɗari uku, har ranar da wani limamin coci ya kaɗa ƙararrawa a 1810, manoma suka tashi neman 'yanci. Eusebio ya shuka teosinte ɗin ne don ya nuna wa jikokinsa a bikin 'yancin na watan Satumba.

Baba ya dube ni. "Wato masarar da muke gasawa a Bukuru baƙuwa ce?"

"Baƙuwa ce, Baba."

Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri a kan noma ba ya durƙusa yana mayar da ciyawa cikin ƙasa, saiwa bayan saiwa, yana yayyafa ruwa yana cewa, "Yi haƙuri, Kaka."

Na tattaro ƙarfin hali na tambayi Eusebio ko zai kai ƙara.

Ya fashe da dariya. "Sifaniyawa ma ba su iya tuge ta ba, balle shi. Hukuncinsa, ranar biki shi ne mai gasa masara."

Da na fassara, Baba ya ɗago da ƙasa a goshi. "Ki ce masa na yarda. Amma ban da wannan mayonis ɗin da suke lafta mata!"

Su biyun suka dinga ƙyaƙyatawa, ba mai jin abin da ɗan'uwansa ya ce. Ni dai juyawa na yi ina share ido don murna, domin rabona da jin dariyar Baba tun rasuwar Mama.