Abin da Inna ta bar wa Tela

Tela ta haura sittin, amma ko murfin tukunya ya faɗi sai gabanta ya yi ta dukan uku-uku har la'asar. 'Yan uwa Farar Kura suke ce mata. Bana kam abin ya wuce wasa: jini ya hau, hannu na rawa, zare ya ƙi shiga allura.

Likita ta sa ta tofa yawu a 'yan kwalabe, safe da yamma. Da sakamako ya fito ta ce, "Mama, akwai sinadarin da jiki ke saki idan an tsorata. Na kowa hawa yake ya sauka. Naki in ya hau, zamansa yake yi. Mahaifiyarki ta shiga tashin hankali tana da cikinki?"

"Ni da nake ciki, ina zan sani?"

"Ki tambaya. Ba tabbas ba ne, amma masu bincike na zargin firgicin mai ciki kan bi ɗa, ya fi nunawa da tsufa."

Daga asibiti ta wuce gidan yayarta.

"Au, ba ki sani ba?" in ji Yaya. "Wata biyar Baba ya ɓata da motar da yake tuƙawa. Duk wanda ya yi sallama sai Inna ta zabura, ta ɗauka gawa aka kawo. Ranar sunanki ya dawo."

Tsoro ya kama Tela, amma ba don kanta ba. Autarta na can gida wurinta, cikin fari wata bakwai, kuma tun da ta zo Tela ba ta bar ta ta sha ruwa da daɗi ba. Kar ki sunkuya! Ya motsa yau? Wance ma haka ta ce lafiya lau, washegari aka binne ta. Kullum, wai kulawa.

Ta hau mota tana rantsuwa daga yau bakinta alaikum. Da ta isa gida ta tura ƙofa a hankali, ta yi sallama da murya mafi taushi da take da ita.

Auta na tsaye jikin keken ɗinki. Ta zabura, kofi ya suɓuce ya tarwatse, ta dafe ciki da hannu biyu.

"Mama, wallahi ban ɗaga komai ba!"