Direban Juma'a

Aishatu tana tsame sambusa daga mai, sai wayarta ta yi ƙara a kan firij. Ta saki matsamin cikin kasko, ta goge hannu a zani, ta danna da yatsan da bai taɓa mai ba.

"Ummi, mun wuce Shumaisi!" Muryar Manar ce. "Direba ya ce saura kaɗan mu shigo Makka. Wallahi Ummi ban gane hanyar ba, duk an canza ta!"

"Yalla, ku taho! Ku ce masa unguwar Jarwal, bayan tsohon gidan burodi. Gidan bai canza ba, ni ma ban canza ba."

Ta ajiye wayar ta rasa abin da za ta fara taɓawa. Sambusa ta soma ƙonewa, miyar taushe na tafasa, shinkafar kabsa na jiran a juye ta a faranti. Ta kashe wuta duka, ta leƙa taga, ta dawo, ta sake kunna ɗaya.

Manar ita ce 'yarta tilo, kuma rabonta da ita shekaru sun haura goma. A wannan gidan aka ɗaura mata aure da Sufyan, Bahaushen Sudan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ikamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabuntawa, suka koma Damazin a Sudan. Yaƙi ya taso su daga can zuwa sansanin 'yan gudun hijira a Habasha. Aishatu ta fara fid da rai, sai labari ya zo cewa wata ƙaramar coci a wani ƙauyen manoma a Kanada ta ɗauki nauyinsu, ta kama musu gida. 'Yan Menonayit ake ce wa mutanen. Yau ga su nan tafe umara da fasfo ɗin Kanada, da 'yarsu Raghad wadda kakarta ba ta taɓa gani ba sai ta waya.

A falo yayanta Datti yana zaune ya miƙe ƙafa, carbi a hannu. Shi ne babba a zuri'ar. Yana da ɗan shagon littattafai, kuma ya tsufa a gaban malaman Harami. Duk wanda ya zo umara a dangi, Datti ne ke shige masa gaba a ɗawafi yana karanta addu'a ana amsawa.

"Yaya, sun wuce Shumaisi! Tashi ka sa sabuwar jallabiyar mana."

Datti bai motsa ba. Ya juyo mata da fuskar wayarsa. Hoton nan ne dai da ke yawo a zauren hirar dangi na waya tun watan jiya: Manar da ɗankwalinta a tsakiyar wasu tsofaffin Turawa mata, suna dariya, ga gicciye na katako a bango bayansu.

"Na gani, Yaya. Sau nawa zan gani?"

"To ni ma abin da na faɗa shi zan maimaita. Ba zan shige wa kowa gaba zuwa ɗakin Allah ba sai na ji daga bakinta me take yi a wurin nan. Aisha, kyauta ba ta zuwa haka kawai. Wanda ya ba ka gida, wani abu yake nema."

"Ka bari su sha ruwa tukuna, don Allah."

Ita ma hoton ya hana ta sukuni, ba ta dai faɗa wa kowa ba. Amma kafin ta ƙara magana aka danna hon a ƙasa.

Ba ta san lokacin da ta sauko benen ba, ba takalmi. Manar ta fito daga motar, ta yi ƙiba, ta sa tabarau, amma tafiyar ta mahaifinta ce sak. Suka rungume juna a tsakiyar lungu suna kuka suna dariya, maƙwabta mata suka leƙo ta tagogi, wata ta rangaɗa guɗa. Sufyan na tsaye cikin fararen mayafan ihirami, gumi na zuba, yana cewa ashe ya manta yadda ranar Makka take. Wata doguwar yarinya ta matso a hankali.

"Sannu, Kaka," ta ce, da Hausarta mai santsi kamar an jiƙa ta a ruwa.

"Ya habibti! Wa ya ce ki yi tsawo haka ban sani ba?"

A sama, Manar ta durƙusa ta gaida kawunta. Ya amsa a taƙaice, ya sa wa Raghad albarka. Manar ba ta lura ba, ko ta yi kamar ba ta lura ba. Ta zuge babbar jaka ta jawo wani bargo mai nauyi, an harhaɗa shi da ƙyallaye kala-kala, shuɗi da ja da ruwan ƙwai, kowane a ɗinke da hannu.

"Naki ne, Ummi. Matan da muke ɗinki tare ne suka yi miki. Ɗaya daga cikinsu, Elfrida, ta ce anya ana sanyi a Makka? Na ce mata ɗakinki kullum kamar cikin firij yake."

Aishatu ta shafa ɗinkin. Ta san aikin hannu, wannan kuwa an ba shi lokaci. Ta saci kallon yayanta, ta ninke bargon da sauri.

"Halas, ya isa haka, ku wanke hannu. Ga kabsa, ga tuwo, ga sambusa."

"Ummi, dabino kawai da ruwa. Dole mu kasance cikin ɗawafi kafin la'asar."

"Dabino? Tun asuba nake tsaye a kan ƙafata! Ka'aba za ta gudu ne?"

"Na yi alkawari, Ummi. Akwai wani tsoho, Baba Garba. Yau za a yi masa aikin zuciya. La'asar ɗinmu ita ce safiyarsu, lokacin za a shiga da shi."

"Garba ɗan ina?" Datti ya tambaya.

Sufyan ya yi 'yar dariya. "Ba Garba ba ne, Kawu. Sunan ne ya gagare ni, na sa masa Garba, ya karɓa. Mijin Elfrida ne. Dattijo ne a cocin."

Datti ya ajiye carbin a kan cinyarsa. "Manar, zauna."

Ta zauna a gefen darduma. Ya miƙa mata wayar. Aishatu ta tsaya a bakin ƙofa da farantin dabino.

Manar ta kalli hoton, fuskarta ta washe. "La, ranar da muka gama barguna na Siriya ce! Kawu, ɗakin ƙasa ne na cocin. Duk Laraba mata ke taruwa a ɗinka barguna, a aika wa waɗanda yaƙi ya kora. Ni na kwana cikin irinsa a sansani, ban san daga inda ya fito ba. Da na ga suna yi, na ce a ba ni allura."

"Ranar Lahadi fa?"

"Sau ɗaya muka shiga, ranar da suka yi mana maraba. Muka zauna a baya. Waƙa suke yi da baki kawai, ba ganga ba molo, maza da muryarsu, mata da tasu. Da aka tashi kowa ya fito da abincin da ya dafo aka ci tare. An ware mana tebur, an rubuta babu alade."

"Ba su taɓa kiran ku addininsu ba?"

"Suna so mana, Kawu. Ba zan ce ba sa so ba. Wata ta taɓa ba ni littafinsu da Larabci, na gode mata, ba ta sake tayar da zancen ba. Amma su a wurinsu ba a shigar da mutum. Ko 'ya'yan cikinsu ba sa yi musu baftisma suna jarirai, sai yaro ya girma ya nema da bakinsa. Jikan Elfrida ya kusa talatin bai nema ba, kullum tana kuka a kai, amma ba ta tilasta shi ba. Wanda bai tilasta jikansa ba, ni zai tilasta?"

"Ita yarinyar nan, wa ke koya mata salla?"

"Raghad," in ji Sufyan, "karanta wa Kawu."

Yarinyar ta gyara mayafi, ta lumshe ido, ta jawo Tabaraka. Bakinta da ya sha wahala da "sannu" ya miƙe sarai. Datti ya gyara mata madda guda, ta maimaita daidai. Aishatu ta ji ƙwalla ta cika mata ido, ta kai farantin gabansu don kada a gani.

"A ina ta koya?"

"A masallacin birni," Sufyan ya ce. "Kawu, nan ne zancen Baba Garba ya shigo. Garinmu babu masallaci, sai ka yi tafiyar fiye da awa guda. Makonmu na farko ya zo duba mana na'urar ɗumama gida, ya tambaye ni ta bakin tafinta, ina kake ibada? Na ce babu. Ranar Juma'a sai ga a-kori-kurarsa a ƙofar gida. Na ɗauka sau ɗaya ne. Wallahi har na samu lasisin tuƙi bai fasa ba, ko dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ko lokacin girbin alkama da kowane manomi ke tsere da ruwan sama. Ya kashe injin girbi, ya kai ni, ya zauna a mota da shayinsa har a idar. Ranar Asabar matarsa ta kai Raghad Islamiyya."

"Don me?" Datti ya ce. Wannan karon muryarsa ta sauka.

"Na tambaye shi. Ya ce kakanninsa an koro su daga Rasha da yunwa, baƙi suka karɓe su. Su mutane ne da ba sa ɗaukar makami, ko an sa su dole, gara a ɗaure su. Ya ce Annabi Isa, alaihissalam, ya umarce su su karɓi baƙo su so maƙiyi, su kuma ba su iya yi wa maganar kwana ba. Ko rantsuwa ba sa yi, Kawu, ko a kotu. E ɗinsu e ce. Har tsokanata yake yi, wai me ya sa nake cewa wallahi alhali ya riga ya yarda."

Aishatu ta tuntsire da dariya. "Ai kuwa da ya zo Jarwal da ya sha wallahi!"

"Ba zai iya zuwa ba, Ummi, ya sani," in ji Manar. "Da muka je sallama a asibiti, Elfrida ta raka ni har bakin ƙofa. Ta ce, kin ce a inda za ku ana amsa addu'a. Mu namu mun yi, za mu kuma yi. In addininki bai hana ba, ki ambace shi." Ta juya ga kawunta. "Na ce mata to. Ban tambayi kowa ba, Kawu. In kuskure na yi, ka faɗa min yanzu."

Datti ya daɗe yana kallon darduma.

"Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya je duba Bayahude mara lafiya har gida," ya ce a hankali. "Roƙa wa wanda ba Musulmi ba lafiya yana raye, malamai ba su hana ba. Sai dai ni in na roƙa, da shiriya zan haɗa masa."

"Kawu, ai shi ma abin da yake roƙa mana ke nan duk Lahadi," in ji Manar.

Datti ya so ya daure, dariyar ta ƙwace masa har da tari. Ya dubi agogon bango, ya zabura.

"Aisha, ina sabuwar jallabiyar? Ku kuma kun zauna kuna surutu! Yanzu ƙofofi za su cika, a tura mu hawa na sama, ɗawafin ya ninka tsawo. Yalla, yalla!"

Gidan ya hargitse. Sufyan na gyara mayafinsa da ke zamewa, Manar na neman takalmin Raghad a ƙarƙashin jakunkuna, Aishatu ta rufe tukwane ta zura abaya a bai-bai, ta cire ta sake sawa. Ta cusa wa kowa dabino a hannu, ta tura sambusa biyu a bakin jikarta ko tana so ko ba ta so.

Suka gangaro daga Jarwal a ƙafa, don Datti ya ce mota ba za ta motsa ba a wannan lokaci. Rana na dukan kwalta, masu shaguna na jawo ƙofofi, jama'a na kwarara ta kowane lungu zuwa wuri guda. Sufyan ya soma talbiyya da ƙarfi, Manar ta kama. Aishatu ta riƙe hannun 'yarta gam kamar za a sake ƙwace mata ita. Datti na gaba, tsohon da kullum ke kukan gwiwa, yau sai da suka riƙa haɗawa da sassarfa.

Da hasumiyoyin Harami suka bayyana, ya tsaya cak ya juyo.

"Sufyan, ba zan je gaban ɗakin Allah in ce Garba ba. Garba nawa ne a duniya? Mene ne sunansa na gaskiya?"

Sufyan ya dubi 'yarsa.

"Gerhard," in ji Raghad.

"Gar-hadu."

Yarinyar ta rufe baki tana dariya, ta girgiza kai.

Datti ya sunkuyo daidai tsawonta a tsakiyar taron, mutane na ratsa su hagu da dama, ya kara hannu a kunne kamar ɗalibi a gaban malami.

"Sake faɗa min," ya ce. "A hankali."